Baffa, ga amsar tambayarka kan unguwarmu

Salamu alaikum Baffa, ya gida ya su Inna. Na ga saƙonka tun jiya, wai hoton da na turo na sallah ya sa ana ta magana a gida, gida har bene amma babu katanga babu get babu maigadi, kuma layi fayau ba ko yaro ɗaya, shin ma akwai mutane a unguwar kuwa. Wallahi na yi dariya don ni ma haka na tambaya farkon zuwana.

Sunan garin Bowie, a jihar Maryland, in ba cunkoso kamar rabin awa ne a mota zuwa Washington. A ƙidayar 2020 mutanen garin dubu 58 ne da 'yan kai, kuma abin da zai ba ka mamaki baƙar fata sun haura rabi. Yankin namu Prince George's ya daɗe da yin suna a matsayin inda baƙaƙe masu hali suka fi taruwa a Amurka, likitoci, lauyoyi, tsofaffin sojoji, sai ma'aikatan gwamnatin tarayya da yawa. Amma fa lokacin da kamfanin Levitt ya gina rukunin gidajen Belair a nan Bowie a farkon shekarun 1960 ƙin sayar wa baƙar fata ya yi, sai da dokar 1968 ta hana wariya a harkar gidaje. Yanzu jikokin waɗanda aka hana ne suka cika layukan. 'Yan Najeriya ma akwai su sosai, sai dai yawanci Yarbawa ne da Ibo, mu Hausawa tsiraru ne, wanda ke son jin Hausa a bakin titi sai ya tafi Bronx a New York wajen 'yan Gana da 'yan Nijar.

Batun da ka ce tunda ina irin wannan gida ai na huce, toh Baffa gidan na banki ne tukuna. Nan kusan kowa bashi yake ci na shekara 30 yana biya wata-wata, wasunmu saboda gudun riba sukan bi kamfanonin Musulunci da ke saya tare da kai kana fansar kasonsu a hankali, ga harajin gida duk shekara ga inshora, in ka yi wasa wata uku huɗu sai takardu su fara zuwa. Ginin ma katako ne aka lulluɓe, in yaro ya yi gudu a sama kana ji daga ƙasa. Maƙwabcina likita ne, ranar Asabar zaka ganshi da gajeren wando yana tura injin yankan ciyawa da kansa, ba yaron gida ba direba, don kuɗin ɗaukar mai aiki a nan sai ya cinye albashin.

Ciyawar nan kuwa ba wasa ba ce. Akwai ƙungiyar masu gidajen unguwa da muke biya kuɗi, shekarar farko na yi tafiya gida wata guda na dawo na tarar da wasiƙa wai ciyawata ta yi tsawo, in yanke ko a ci ni tara. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya yi min magana, takarda kawai. Haka zaman yake, ku ɗaga wa juna hannu daga mota shikenan, shekara shida ban taɓa shiga falon mutumin da ke kallon gidana ba, kuma ba gaba muke ba.

Shi ya sa mu unguwarmu ta gaskiya a mota take. Ba a kiran sallah da lasifika, waya ce ladaninmu, Juma'a mu tafi Lanham, wani gari kusa da mu, inda akwai babban masallacin da Turkiyya ta gina aka buɗe a 2016. In an yi haihuwa ana raɗa suna ran bakwai da mutum huɗu biyar kafin kowa ya ruga aiki, taron kuma sai Asabar, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wani ya tuƙo awa biyu daga Virginia da kular waina, wata ta zo da tuwon shinkafa da miyar taushe, ni kuma tun ana saura kwana biyu na bi maƙwabta ina ba da haƙuri don motoci za su cika layi. Ranar sunan Amira maman yara ta kunna turaren wuta, na'urar hayaƙi ta ɗau kuwwa, mata suka yo waje da mayafai a hannu. Layya ma ba a yi a tsakar gida, gona muke zuwa can wajen gari a yanka a feɗe mu ɗauko a leda.

Yaran da ka ce ba ka gani ba suna ciki, motar makaranta mai ruwan ɗorawa ke kwashe su da safe ta dawo da su, ran Lahadi islamiyya. Hausar tasu ce ke damuna, suna ji amma da Turanci suke amsawa, shi ya sa nake son turo su Kano hutun bana in Inna za ta iya da ƙiriniyarsu. Ka tambayar min ita don Allah.