Na Sa Bayanai A Manhaja, Ta Tsaya Cak

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce mai riƙe da lissafin kaya a wurin aikinmu. Na kwashe jerin kayayyaki layi 8,000 daga Excel, na adana shi a matsayin CSV (fayil ɗin rubutu da waƙafi ke raba ginshiƙansa), na loda a sabuwar manhajar kasuwancinmu. Da ta kai kashi 62 cikin ɗari sai ta tsaya, ba gaba ba baya, har fiye da awa guda. In kashe in sake ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Don Allah kada ki yi gaggawar sakewa, domin a nan ne mutane suka fi yi wa kansu ɓarna. Wasu manhajojin suna ajiye layukan da suka riga suka shiga ko da aikin ya katse. In kin sake lodawa a kai, sai ki wayi gari kowane kaya ya fito sau biyu, kuma tsince su ya fi aikin farko wahala.

Fara da danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager, mai nuna aikin da kowace manhaja ke yi a kwamfuta, zai buɗe. In kin ga manhajar tana cin CPU (injin sarrafa aiki na kwamfuta) ko faifai, tana aiki, sandar nan mai nuna ci gaba ce kawai ta maƙale. Ki ba ta lokaci. In ko komai ya kwanta, ki tambayi abokan aiki ko wani ya buɗe rumbun kayan yana gyara, don hakan kan kulle bayanan har sai ya fita.

Amma ni dai na fi zargin fayil ɗin. Kashi 62 na 8,000 ya kai ki wajen layi na 4,960. Buɗe fayil ɗin da Notepad, ba Excel ba, ki duba wurin da ido. Sau da yawa waƙafi ne guda a cikin sunan kaya, kamar "Kusa, inci 3", ba a sa shi cikin alamar zance ba, sai manhajar ta ɗauke shi ginshiƙi biyu, sauran duk su goce. Wani lokacin kwanan wata ne: an rubuta 25/03, ita kuma tana jiran wata kafin rana, kuma babu wata na 25. Ki duba lambobin kaya ma, Excel kan share sifilin farko, yana kuma lalata lambar da ta wuce lambobi 15. In akwai haruffa irin ƙ da ɗ, ki adana da zaɓin CSV UTF-8 na Excel don kada su lalace.

In ido bai gano ba, ki tsayar da aikin, ki ƙirga abin da ya shiga, ki ajiye kwafin rumbun, sannan ki raba ragowar gida biyu ki loda ɗaya bayan ɗaya. Rabin da ya maƙale ki sake raba shi, a haka har ki kama layin.