Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gano Lokacin da Duwatsun Antatika Suka Huce

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne da ke karatun ilimin ƙasa a nan Kano. A wata lacca malaminmu ya ambata cewa masana sun yi amfani da ƙananan ƙwayoyin ma'adinai sun gano yadda tsaunukan Antatika suka huce cikin miliyoyin shekaru. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, nahiyar da ƙanƙara ta lulluɓe, wace hucewa kuma ake nema a duwatsunta? Ta yaya ƙwayar da da ƙyar ido yake ganinta za ta faɗi lokacin abin da babu wanda ya shaida? Kuma ko za a iya gwada wannan a kan duwatsunmu irin su Dala? Daga ɗalibinku, Kabuga, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara basira, domin tambayarka ta farko ta taɓa ainihin wurin da mutane da yawa suke ruɗewa. Hucewar da ake magana a kai ba ta da alaƙa da sanyin iska ko ƙanƙara. Duk inda aka haƙa ƙasa aka nutsa, zafi yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas a kowace kilomita guda. Saboda haka dutsen da mai bincike yake tsaye a kansa yau a ƙololuwar tsauni, akwai zamanin da yake binne kilomita huɗu ko biyar a ƙarƙashin ƙasa, cikin zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa. Da ƙasa ta ɗaga, ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ke samansa, sai ya riƙa matsowa kusa da sarari yana hucewa. Tarihin hucewar dutse, ke nan, tarihin yaye masa lulluɓi ne, kuma mafi yawan wannan tarihi a Antatika ya riga babbar ƙanƙarar da ta fara rufe nahiyar kimanin shekaru miliyan 34 da suka wuce.

Tsaunukan da aka fi yin wannan aiki a kansu su ne na Tiransantatika, waɗanda suka miƙe kusan kilomita 3,500 suka raba nahiyar gida biyu, gabas da yamma. Tsaunin Kirkpatrick da ke cikinsu ya kai mita 4,528. Gindinsu tsohon dutse ne na kimanin shekaru miliyan 500, a kansa kuma akwai shimfiɗun dutsen yashi masu ɗauke da gawayin ƙasa da burbushin ganyen itatuwa, irin waɗanda tawagar Robert Scott, ɗan Birtaniya mai binciken Antatika, ta tsinto a shekarar 1912, shaida ce cewa wurin ya taɓa zama daji. Matsalar ita ce, bayan duwatsun zamanin da masana suke kira Jurasik, masu kimanin shekaru miliyan 180, kusan babu wani shimfiɗin dutse da ya saura a kan tsaunukan wanda zai ba da labarin abin da ya biyo baya, ga shi kuma abin da ƙanƙara ta bari a buɗe a nahiyar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wannan giɓi mai tsawon fiye da shekaru miliyan 150 shi ne aka koma ana tambayar ƙwayoyin ma'adinai a kansa.

Ƙwayar da ta fi yin aiki a nan ita ce afatayit, wadda ake samu a warwatse cikin dutsen giranit. Tana ɗauke da ɗan yuraniyam kaɗan. Jefi-jefi ƙwayar zarrar yuraniyam mai lamba 238 takan tsage da kanta gida biyu, ɓangarorin su yi tsartuwa a guje, su bar wani siririn tabo a jikin ma'adinin mai tsawon kimanin mikiron 16, wato kashi 16 cikin dubu na milimita. Tun da an san saurin da wannan tsagewa take faruwa, kuma saurin ba ya canzawa da zafi ko matsi, idan aka ƙirga tabon aka kuma auna yawan yuraniyam ɗin, lissafi zai fitar da tsawon lokacin da aka ɗauka ana tara su. A ɗakin gwaji ana niƙa dutsen, a tace ƙwayoyin, a goge fuskarsu, a tsoma su cikin asid na 'yan daƙiƙoƙi domin tabon su buɗe, sannan mutum ya zauna gaban madubin ƙara girma yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Masana uku a Amurka, Robert Fleischer da Buford Price da Robert Walker, su ne suka kafa wannan hanya a farkon shekarun 1960.

To ina zancen zafi ya shigo? Tabon ba ya dawwama idan ma'adinin yana da zafi. Ka dubi sawun ƙafa a lungunan cikin birni da damina: a taɓo mai ruwa-ruwa sawun yana rufewa da zarar an ɗaga ƙafa, a wanda ya fara kamewa yana tsukewa amma ba ya ɓacewa, a wanda ya yi ƙarfi kuwa yana zama yadda aka taka shi. Haka afatayit yake. Sama da kimanin digiri 110 zuwa 120 tabon yana shafewa gaba ɗaya; tsakanin wannan da digiri 60 yana gajarcewa sannu a hankali; ƙasa da digiri 60 kuwa yana zama kusan da tsawonsa. Don haka adadin shekarun da aka samu ba shekarun haihuwar dutsen ba ne. Giranit mai shekaru miliyan 500 yana iya ba da miliyan 50, kuma babu kuskure a ciki, domin agogon ya fara ƙirga ne daga lokacin da dutsen ya fito daga cikin zafin. Tsawon tabon ma yana da nasa bayani, kuma a ganina ya fi adadin shekarun daraja: idan kusan dukkansu dogaye ne, dutsen ya ratsa yankin tsaka-tsakin da sauri, idan akwai gajeru da yawa a gauraye, ya daɗe yana zaune a can.

Akwai wasu agogunan. Yuraniyam da toriyam suna fitar da iskar hiliyam yayin da suke ruɓewa, kuma afatayit yana fara riƙe ta ne idan ya sauko zuwa wajen digiri 70, wani ma'adinin mai suna zirkon kuwa wajen digiri 180. Iskar argon da ke taruwa a cikin ma'adinin mika tana tsayawa a wajen digiri 300 zuwa 400. Martin Dodson ne ya tsara lissafin wannan matakin zafi da ma'adini yake fara riƙe iskar a shekarar 1973. Idan aka haɗa su a kan dutse guda, sai a sami zango-zango na tafiyarsa daga zurfi zuwa sarari.

Inda aikin Antatika ya yi fice shi ne dabarar ɗiban samfuri. A shekarun 1980 Andrew Gleadow na Jami'ar Melbourne a Ostireliya da Paul Fitzgerald sun bi gangaren tsaunuka a yankin Victoria ta Kudu, kusa da Tekun Ross, suna ɗiban dutse daga gindi zuwa ƙololuwa bisa tazara. Da suka jera shekarun daidai da tudun da aka ɗebo kowane samfuri, sai wani fasali ya bayyana wanda ya cancanci ka tsaya ka fahimce shi da kyau. A ɓangaren sama, shekarun suna ƙaruwa sosai da ɗan hawa kaɗan, tabon kuma gajeru ne. A ɓangaren ƙasa, shekarun kusan ɗaya suke duk da tazarar ɗaruruwan mitoci, tabon kuma dogaye ne. Tsakaninsu layin yana karyewa. Ma'anar ita ce, duwatsun sama sun daɗe zaune a yankin tsaka-tsakin zafi lokacin da ƙasar take kwance lafiya, na ƙasa kuwa suna can cikin zafin da ke shafe komai, har zuwa lokacin da aka fizgo su duka tare. Wurin karyewar layin shi ne tsohon gindin wancan yanki, yanzu ga shi rataye a jikin tsauni, kuma shekarunsa su ne lokacin da fizgar ta fara. Abin da suka samu shi ne kimanin shekaru miliyan 50 zuwa 55, tare da zaizayewar dutse mai kaurin kilomita huɗu zuwa shida a kusa da gaɓar teku. Bincike a wasu sassan tsaunukan ya nuna hucewar da ta riga wannan, a zamanin Kiretashiyas, wanda ya biyo bayan Jurasik. An danganta lamarin da tsagewar ɓawon ƙasa a Antatika ta Yamma, inda ƙasan Tekun Ross ya miƙe ya nutse, gefen da ke maƙwabtaka da shi kuma ya ɗaga.

Wani abu ya taimaka wa masu binciken ba da shirinsu ba. Kimanin shekaru miliyan 183 da suka wuce, narkakken dutse da ake kira Ferrar ya kutsa cikin shimfiɗun yankin, zafinsa ya shafe tsofaffin tabon a wurare da yawa, ya zama kamar an mayar da agogon farko a lokaci sananne.

Duk da haka ina so ka riƙe wannan, domin nan ne ɗalibai da ma wasu manya suke yin gaggawa. Abin da ma'adinin yake aunawa zafi ne kawai. Bai san tudu ba. Kafin a mayar da digiri zuwa kilomita dole a yi zato game da yadda zafi yake ƙaruwa da zurfi a wancan zamani, kuma dutse yana iya hucewa saboda zafin ƙarƙashin ƙasa ya ragu ba tare da an yaye masa komai ba. Shi ya sa har yanzu ake jayayya. Wasu suna ganin tsaunukan kafaɗar tsaguwa ce da ta ɗaga. Wasu suna ganin gefen wani tsohon tudu ne mai faɗi wanda tsakiyarsa ta rufta. Masana biyu daga Jamus, Frank Lisker da Andreas Läufer, sun kawo hujja a 2013 cewa yankin ya daɗe binne a ƙarƙashin wani kwari mai cike da laka da yashi, kuma babbar yayewar ta zo ne daga baya. Ni ban ɗauki wannan saɓani a matsayin rauni ba, domin dukkansu suna komawa ne ga ƙwayoyin da kowa zai iya sake ƙirgawa.

Game da Dala kuwa, saman Dala da Goron Dutse marmara ce mai ƙarfe, wadda ruɓewar dutse a yanayin zafi da ruwan sama ta haifar, kuma afatayit ba ya jure irin wannan ruɓewa, don haka ba nan za ka ɗebi samfuri ba. Wurin nema shi ne giranit mai lafiya, ko dai tsohon da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasar Kano mai kimanin shekaru miliyan 600, ko giranit mai kuza na Ririwai da bai kai shi tsufa ba, a Ƙaramar Hukumar Doguwa, wanda dangin na Jos ne. Tudunmu bai kai na Antatika tsawo ba, saboda haka samfurin rijiyoyin haƙo masu zurfi zai fi ba da jeri mai amfani. Kamfanonin mai ma suna amfani da wannan hanya, domin zafin digiri 60 zuwa 120 da tabon afatayit suke gajarcewa a cikinsa ya zo kusan daidai da zafin da ɗanyen mai yake samuwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma wannan tambaya ce da ta shafi kwarin Binuwai da na Tafkin Chadi kai tsaye.