Baƙin mai ko giris, wanne ya fi dacewa da cen ɗin mashin?

Tambaya: Salam malam, cen ɗin mashin ɗina baya daɗewa sai ya saki ya fara ƙara, alhali kullum ina zuba masa baƙin man da aka juye daga inji. Wani yace in koma giris. Wanne zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya duka biyun ban baka shawararsu ba. Cen ba miƙewa yake kamar roba ba, cinyewa yake daga ciki, a tsakanin fil da bushin, wato ɗan bututun ƙarfen da fil ɗin yake juyawa a cikinsa, kowace gaɓa ta ɗan ci kaɗan, in ka haɗa gaɓoɓi sama da 100 sai kaga ya ƙara tsawo ya daina zama daidai a haƙoran da yake hawa, su ma su fara cinyewa suna tsini.

To man da ka juye daga inji ya riga ya kwaso ɓurɓushin ƙarfe da toka, kuma ruwa-ruwa ne, da ka ɗan taka gudu zai fantsame a taya. Shi kuma giris yayi kauri, baya shiga can ciki inda ake buƙatarsa, a waje yake tsayawa yana kama ƙura da yashi. Shafa yatsa a irin wannan cen ɗin ka murza, zaka ji tsakuwa-tsakuwa, wannan baƙin kwaɓin ne ke goge ƙarfen kamar sanfefa.

Ka nemi man cen na feshi, in babu, man giya SAE 80 ko 90, wato lambar kaurin man, yana yi sosai, kamfanoni da yawa shi suke rubutawa a littafin mashin. In cen ɗinka mai 'yan zobban roba ne wato O-ring, akwai giris a rufe a ciki tun daga kamfani, kar ka kuskura ka wanke shi da fetur don yana lalata robar, kananzir da buroshi mai laushi sun isa.

Ka wanke tukuna, ya bushe, ka sa man ta gefen ciki bayan ka dawo daga tafiya yana da ɗumi, kana juya taya da hannu, inji a kashe don Allah, yatsu na guntulewa a nan. Sai ka goge rarar da tsumma. Duk kilomita 500 zuwa 1000 ka maimaita, ko bayan ruwa ya dake shi. Cen ɗin da ke kai yanzu in ya riga ya ci, ka canza shi tare da haƙoran gaba da baya lokaci ɗaya.