Bidiyon gawa a guruf: ko rubuta gargaɗi yana da amfani?

Tambaya: Likita, ina kasuwar Terminus ta Jos ranar da bam ya tashi a watan Mayun 2014, Allah Ya yi da sauran kwanana. Har yau in aka turo bidiyon gawa a guruf ɗinmu na WhatsApp, ko na ji ƙaurin taya, sai jikina ya ɗauki rawa, ranar ba ni ba barci. Ƙanena ya ce a riƙa rubuta gargaɗi a kan irin waɗannan bidiyo. Zai taimaka? Daga wata 'yar'uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kada kowa ya ce miki rashin tawakkali ne. Alamun da kika lissafa sun yi kama da ciwon da ke biyo bayan mummunan firgici, wanda likitoci ke kira PTSD.

A ranar tashin hankali ƙwaƙwalwa tana ɗaure duk abin da ke wurin da haɗarin: ƙauri, ƙara, ihun mutane, har zafin rana. Daga baya ko ɗaya daga ciki ya gifta, sai zuciya ta hau bugu, gumi ya keto, kafin ma tunani ya ce miki ai kina ɗakinki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura.

Batun gargaɗi kuwa, gaskiya zan faɗa miki. Masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun gwada shi, har a kan waɗanda suka taɓa shiga bala'i, kuma wani nazari na 2023 ya haɗa gwaje-gwaje da dama. Abin da aka gano: gargaɗin ba ya rage raɗaɗin abin da aka gani, yana ƙara fargaba tun kafin a buɗe, kuma yawancin mutane buɗewa suke yi. Ga shi ƙaurin taya a unguwar Farin Gada ba ya zuwa da sanarwa.

Duk da haka ina goyon bayan ƙanenki, in za a faɗi abin da ke ciki ƙarara: "akwai gawa da jini". Wannan ya ba ki zaɓi. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne turawar kanta. Gawar nan ɗan wata ce, sutura ta kamace ta. Ku roƙi shugaban guruf ya hana. Ke kuma ki shiga saitin WhatsApp ki kashe saukar bidiyo da kansa.

Sai dai ki lura, in kika daina zuwa kasuwa, kika daina bin hanyar Terminus, tsoron ƙara ƙarfi yake. Maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi zama ne da ƙwararre, a riƙa komawa kan abin da ya faru sannu a hankali har jiki ya yarda ya wuce. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH. Ki je da wadda kika amince da ita, ki fara da gaya musu maganar barcin nan.