Amsa ga mai son rubuta wa matasa labarin aljanu na ban dariya

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin tambaya ko za a iya rubuta wa 'yan shekara 13 zuwa 17 labarin da ya haɗa aljanu, bin diddigi da raha, ba tare da ya zama shirme ko ya hana yara barci ba. Ana iyawa, kuma ba yau aka fara ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tun 1934 ya fito, ga aljanu a ciki, ga Malam Zurƙe yana sa mutum dariya har da hawaye. Bari dai in gaya miki abin da na gani da idona.

Na koyar da Hausa a wata makarantar kwana ta 'yan mata. Daren Asabar nakan tara ɗalibai in karanta musu abin da na rubuta, sau da yawa da fitilar waya don an ɗauke wuta. Labarina na farko na zuba masa fatalwa da kukan mujiya, sannan na rufe da cewa ashe mafarki yarinyar take yi. Ɗaki ya yi tsit. Can wata daga baya ta ce, "Malama, kin cuce mu." Gaskiyarta. Sun yi mako uku suna gardamar wane ne mai laifi, ni kuma na zare musu tabarma.

Na biyun shi ya karɓu. Wani abu ne yake shiga ɗakin kwana da dare yana kwashe garin kwaki, sukari da ƙuli-ƙuli, ana jin takunsa ƙwas-ƙwas. Duk wadda ta yi makarantar kwana a Najeriya ta san labarin Madam Koi Koi, fatalwar da ake cewa ana jin takun takalminta da dare, ga kuma tsohuwar tsamiya a bayan ɗakin, don haka ba sai na wahala wajen tsoratarwa ba, yaran sun zo da tsoronsu daga gida. Aikina kawai in ajiye alamomi. Ɓarawon ba ya taɓa akwatin da ke da kwaɗo. Kuma ba ya zuwa sai daren da aka yi miyar da kowa ya ƙi ci. Tun ban kai rabi ba wata ta ɗaga hannu ta ce, wane irin aljani ne kwaɗon kasuwa ke tarewa? To nan ake so a kai su. Yarinya ta ji ta riga jaruman ganewa, amma ba ta gama ganewa ba. A ƙarshe dai babbar firifet ce, wadda ita ta fi kowa baza labarin aljanin, don kada a leƙo.

Ita dariya, kada ki neme ta a jikin aljanin, a jikin matsorata take. Cikin 'yan mata uku masu bincike a labarin na sa wata mai cika baki, kullum tana cewa a gidansu ba a san tsoro ba. Ranar da labule ya motsa, ta buɗe baki za ta nemi tsari sai addu'ar cin abinci ta fito. Shekaru bayan nan tsofaffin ɗalibai in mun haɗu ita suke tuna min, sun ma manta sunan firifet ɗin.

Inda namu ya bambanta da na Turawa, inda ake cire wa dodo abin rufe fuska a ga ashe mutum ne, shi ne: yaranmu sun yarda akwai aljanu, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu. In kika nuna komai ƙarya ne, za su ji kin raina su. In kuma kika ce aljani ne ya yi komai, to binciken me aka yi? Ni dai da aka kama firifet, tana zaune a tsakiyarsu tana kuka, ƙofa a kulle, sai na sa aka sake jin ƙwas-ƙwas a waje. Na rufe littafina. Ihun da suka yi har maigadi ya zo.

Abin da zan ja kunnenki a kai: kada ki sa ayoyi cikin barkwanci, kuma kada ki mai da faɗuwar da 'yan mata ke yi a makarantu abin dariya, wata mai karatun ƙawarta ce ta faɗi. Boka ma kada ya zama shi ne mai warware matsala, iyaye za su ƙwace wayar.

Tunda a WhatsApp ko manhajar labarai ta Wattpad za ki saki, ki gajarta babi, kowane ya ƙare da tambaya. Kafin ki tura, ki zaunar da ƙannenki bayan sallar isha'i ki karanta musu da babbar murya. Duk shafin da kika ga hannun wani ya tafi neman wayarsa, ki soke shi.