Waya ta ce ƙasa ta jiƙa, na shuka, ya ƙone

Wani manomi daga Bichi ya rubuto: "Bayan ruwan farko manhajar wayata ta nuna gonata na da laima. Na shuka gero, ya tsiro ya ƙone. Ƙarya ake mana ke nan?"

Malam, ba ƙarya ba ce, ba ka dai san abin da aka auna ba. Duk damina sai wannan wasiƙar ta zo. Lambar da ka gani an haɗo ta ne daga taurarin ɗan'adam daban-daban, kuma kowanne da inda ya gaza.

Ɗauki SMAP, wanda hukumar NASA ta Amurka ta harba a 2015. Gwani ne wajen gane laimar ƙasa, amma santimita 5 na sama kaɗai yake ji, kuma awonsa ɗaya kan rufe faɗin kusan kilomita 40. Jigawarka, fadamar maƙwabta da kwaltar hanyar Katsina, duk a ƙwarya ɗaya ya dama su. Na'urar radar (mai aika sigina ƙasa ta auna abin da ya dawo) da aka ɗora masa don ta tace awon ta lalace a shekarar, sai aka koma aron ta Sentinel-1 na Turai, aka rage faɗin zuwa kilomita 3. Ko hakan ya fi gonarka nesa ba kusa ba.

Wani tauraron Turai, Sentinel-2, yana bambance fili mai faɗin mita 10, yana dawowa duk kwana 5, sai dai hoto yake ɗauka: hadari ya haɗu, ba ya ganin komai. Radar kuwa tana keta girgije, amma kunyoyi da ciyawa na ruɗa ta. Shi ya sa ake haɗa su, a kuma gwada da ma'aunin ruwan sama na ƙasa, irin aikin da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke yi wajen ƙiyasin ruwan sama. Abin da ke fitowa labarin yanki ne, ba na gona ɗaya ba.

Kafin ka zuba iri, haƙa da fartanya kamu ɗaya. In ƙasan ramin busasshe ne, ajiye irinka ka jira ruwa na gaba.

Daga Funtuwa: "Taswirar manhajar wayata ta nuna gefen masarata ya yi ɗorawa. Na yi feshin maganin ƙwari sau biyu, ba canji."

Haba Alhaji! Wa ya ce maka ƙwari ne? Raguwar koren ganye kawai na'urar ta gani. Rashin taki na jawo haka, kwanciyar ruwa ma, wuta-wuta ma, kuma ba ɗayansu da maganin ƙwari ke taɓawa. Je wurin ka buɗe kan masarar. In ba tsutsa, ba kashinta, kuɗin kwalba ta uku ka sayi yuriya da shi, ko ka yanka wa ruwan hanya.

Daga Maraɗi: "Tauraron ɗan'adam zai nuna mini inda zan haƙa rijiyar noman rani?"

A'a, nemi masu awon ruwan ƙarƙashin ƙasa su zo gonar da na'urarsu.