Amsa ga ɗan'uwa mai neman masauki mai sauƙin kuɗi na kwana huɗu a ƙasar waje

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa in ba ka amsa a tsanake. Ka ce za ka yi kwana huɗu a wani babban birni a ƙasar waje, tafiyarka ta farko ke nan, guzurinka ba shi da yawa, kuma ka rasa wanda za ka zaɓa cikin uku: otal mai arha sosai a bayan gari, ko gado a masaukin haɗaka (inda baƙi da yawa ke kwana a ɗaki ɗaya) a tsakiyar gari, ko gidan haya na 'yan kwanaki da ake kamawa ta manhaja. Ba ka faɗi sunan birnin ba, don haka zan gaya maka abin da na ga yana maimaituwa a kusan duk inda na sauka.

Kuɗin da ka gani a rubuce a ƙarƙashin hoton ɗaki ba shi ne abin da masaukin zai ci maka ba. Sai ka haɗa da kuɗin motar zuwa da dawowa kullum, da haraji, da sa'o'in da za ka ɓata a hanya. Wanda zai yi wata guda yana iya jure nisa, domin zai saba da hanya, ya sayi katin sufuri na wata. Kai kwana huɗu gare ka, kuma ranar isowa da ranar tafiya rabi-rabi ne. Cikakkun ranakunka biyu ne ko uku.

A Istanbul na koyi wannan. Na kama wani otal saboda kuɗinsa bai kai rabin na tsakiyar gari ba, hotunansa kuma tas. Jirginmu ya sauka bayan sha biyun dare, ban san hanya ba, ga akwati, dole na ɗauki tasi. Abin da na biya a wannan daren kaɗai ya cinye rarar kwana biyu. Da gari ya waye na tambayi mai karɓar baƙi yadda zan je Sultanahmet, unguwar tarihi ta tsakiyar birnin, sai ya ɗauko takarda ya zana mini: tafiyar ƙafa ta minti goma sha biyar zuwa tashar bas, daga bas in sauka in shiga taragon T1, ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titi. Kusan awa ɗaya da rabi zuwa, haka kuma dawowa. Abin da ya fi damuna ma shi ne, idan na fita da safe ba ni da halin komawa ɗaki in ajiye kaya ko in ɗan miƙe bayana, sai in wuni ina yawo da jaka a kafaɗa. Da la'asar ta yi hankalina ya koma kan hanya, in bar abin da na zo gani in kama neman bas tun duhu bai yi ba. Na dawo daga tafiyar ban ga rabin abin da na yi niyya ba, kuɗin ma ban rage komai ba. Garin gyaran gira na rasa ido.

Tun daga nan na canza yadda nake nema. Ba na fara buɗe shafin otal. Ina fara rubuta wurare uku ko huɗu da dole in je, in duba su a Google Maps, in ga layin jirgin ƙasa ko tarago da ya fi kusa da su. Sannan in bi wannan layin tasha-tasha ina fita daga tsakiyar gari, har in iso inda farashi ya fara sauka. Yawanci tasha huɗu zuwa shida ta isa. A nan ake samun masaukin da na fi so: ba a cikin cunkoson 'yan yawon buɗe ido ba, amma jirgi ɗaya tak zai kai ka, ba sai ka sauka ka sake wani ba. Ƙa'idata ita ce kada tafiyar ƙafa daga ƙofar masauki zuwa tasha ta wuce minti goma, kada zaman cikin jirgi ya wuce minti ashirin da biyar. Kada ka yarda da rubutun "kusa da tsakiyar gari". Kwafi adireshin ka saka a taswira, ka sa lokacin tafiya ƙarfe takwas na safe, ka sake sa shi sha ɗaya na dare, ka ga abin da zai nuna. Ka duba da lokacin jirgin ƙarshe. A Paris, alal misali, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa wajen ƙarfe ɗaya na dare, ranakun Juma'a da Asabar ne yake ƙara kamar awa guda. A Landan kuma kuɗin jirgi yana tafiya ne da shiyya-shiyya, wanda ya sauka a shiyya ta 5 ko ta 6 zai riƙa biyan fiye da na shiyya ta 2 a kowace fita.

Ka kuma tabbatar da filin jirgin da za ka sauka, domin sunan da ke kan tikiti yana ruɗar mutane. Istanbul filaye biyu gare ta, babban yana ɓangaren Turai, Sabiha Gökçen yana ɓangaren Asiya, tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Filin Beauvais da ƙananan kamfanonin jirage ke kira na Paris yana da nisan kusan kilomita 85 daga birnin. Na Hahn da ake liƙa wa sunan Frankfurt ya fi kilomita 100. In jirginka na dawowa na asuba ne, to daren ƙarshe ya cancanci tunani na daban.

Yanzu maganar kuɗin da ba a nunawa da farko. Kada ka kwatanta masauki biyu sai ka kai kowanne shafin ƙarshe, dab da inda za a ce ka saka lambar kati, domin a nan jimillar gaskiya take fitowa. Birane da yawa suna karɓar harajin baƙi. Amsterdam ta kai nata kashi 12.5 cikin ɗari na kuɗin ɗaki tun 2024. A Dubai akwai kuɗin yawon buɗe ido, dirhami 7 zuwa 20 a kowane ɗaki kowane dare, gwargwadon darajar otal. Wasu wuraren ba sa haɗa shi a intanet, sai ka isa a ce ka biya a hannu. Akwai kuma kuɗin jingina: otal ya riƙe wani adadi a katinka saboda ko za ka yi ɓarna, kuma ko ba ka taɓa komai ba, sakinsa kan ɗauki kwanaki bayan ka tafi. Mai ƙaramin guzuri wannan yana iya ɗaure shi a tsakiyar tafiya, don haka ka tura saƙo ka tambaya tun kafin ka biya. In na'urar biyan kuɗi ta tambaye ka ko a cire da kuɗin ƙasarka ko da na ƙasar da kake, zaɓi na ƙasar da kake, canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada.

Gidan haya irin na Airbnb ba zan ba ka shawararsa ba a wannan tafiyar. Kuɗin shara da na manhaja sau ɗaya ake biya, in an raba su kan kwana goma ko kan mutum huɗu ba sa nauyi, amma a kan mutum ɗaya mai kwana huɗu suna cinye arhar. Ga shi babu mai karɓar baƙi, mabuɗi yana cikin wani ɗan akwati mai lambobi, in wayarka ta mutu ko ba ka da intanet da tsakar dare ka tsaya a titi. Dokoki ma suna ta tsananta. New York tun Satumbar 2023 ta taƙaita hayar ƙasa da kwana 30, sai mai gida ya yi rajista kuma yana zaune a gidan. Barcelona ta sanar a 2024 cewa ba za ta sabunta lasisin irin waɗannan gidaje ba, za su ƙare a 2028. Inda doka ta matsa, masu yi a ɓoye su ne ke soke maka ɗaki ana saura kwana biyu.

Masaukin haɗaka kuwa ba abin raini ba ne, na kwana a ciki sau da yawa. In kai kaɗai ne, barcinka mai nauyi ne, kuma ba ka ɗauke da kuɗi ko kaya masu daraja, gado a ɗakin mutum huɗu ko shida a tsakiyar gari ya fi mini wancan otal na bayan gari nesa ba kusa ba. Ka tafi da ɗan kwaɗonka na kulle loka, da tawul, da abin toshe kunne. Akwai ɗakunan mata zalla ga 'yan'uwa mata da ke karantawa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, irin waɗannan wurare suna da ɗakin mutum ɗaya mai ƙofa da mabuɗi, banɗaki ne kawai ake haɗawa, ga kicin da za ka dafa ruwan zafi ka ajiye abinci a firji. Sau da yawa shi ne matsakaicin da ake nema.

Kan sharhin waɗanda suka kwana, a nan nake ɓata lokaci fiye da ko'ina. Ban damu da yawan taurarin darajar otal ba, domin kowace ƙasa da ma'auninta, kuma tauraro yana ƙirga kayan da ke akwai ne, ba ya gaya maka ko zanen gado wankakke ne. Ina jera sharhin daga sabo zuwa tsoho, in karanta na wata uku da suka wuce, sannan in nemi mafi muni. Mutum ɗaya ya yi ƙorafi ba komai ba ne, wani haka halinsa yake. Amma in mutum biyar da ba su san juna ba sun ambaci abu ɗaya, gaskiya ne. Kalmomin da nake nema su ne kuɗin cizo, hayaniya, ruwan zafi, wari, da lif. In na ga kuɗin cizo sau biyu a 'yan watannin nan, na rufe shafin ko da kyauta ne. Hotunan da baƙi suka ɗauka da wayarsu su nake kallo, ba na masu otal ba. Na taɓa kama ɗakin da hotonsa ya nuna labule mai kyau da haske yana ratsowa. Da na shiga na yaye labulen, bango ne a gabana, in na miƙa hannu zan taɓa shi, ga bututun kicin yana busa zafi. Hawa na biyar ne kuma babu lif, a tsohon gini mai matsattsen bene, na hau da akwati ina hutawa a kowane hawa. Duk wannan yana cikin sharhi, ni ne ban karanta ba. Ka sani kuma a yawancin Turai hawan ƙasa sifili ne, wanda suka kira na huɗu, bene huɗu za ka taka. In lokacin zafi za ka je, duba ko akwai na'urar sanyaya ɗaki, ƙananan otal da yawa a can ba su da ita.

Wajen biya, ɗauki wanda ake iya sokewa kyauta ko da ya ɗan fi tsada, musamman in bizarka ba ta fito ba. Masu neman bizar Schengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ana tambayarsu shaidar masauki, kuma in aka hana ka, kuɗin ɗakin da ba a mayarwa ya tafi ke nan. Kada ka taɓa biya a wajen manhajar. Duk wanda ya ce ka turo ta banki zai rage maka, ko saƙo ya zo cewa za a soke ɗakinka in ba ka sake saka lambar kati a wani mahaɗi ba, ka nemi lambar otal ɗin da kanka ka kira. Ka duba ko kwanakinka sun faɗa kan wani babban taro. Munich a ƙarshen Satumba, Edinburgh a Agusta, Guangzhou lokacin bajekolin Canton a Afrilu da Oktoba, farashi yakan ninka, matsar da tafiya da mako guda na iya rage maka fiye da duk wata dabara.

Yawancin wurare ba sa ba da ɗaki sai biyu ko uku na rana, su karɓe shi sha ɗaya ko sha biyu. Tambaye su ko suna ajiye akwati, kuma ko akwai mutum a wurin karɓar baƙi dare da rana. Ka ɗauki hoton adireshi da takardar shaidar biya a wayarka, ka sauke taswirar birnin tun kana gida.

In da ni ne kai, zan bar otal ɗin bayan garin nan. Zan nemi ɗakin mutum ɗaya a masaukin haɗaka ko ƙaramin otal a kan layin jirgi, wanda sharhinsa na baya-bayan nan ya nuna tsafta, in kama wanda ake iya sokewa, in sake leƙa farashi ana saura mako guda ko ya sauka. Faɗa mana sunan birnin, da filin da za ka sauka, da ƙarfe nawa jirginka zai isa, sai mu duba unguwannin tare. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.